Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi: Kaza da Awon Gaggawa

Duk wanda ya zauna ajin firamare a ƙasar nan ya ji sunan Ƙaura Namoda, gama can ne hanyar jirgin ƙasa ta ƙare. Dogon ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a shekarar 1929, daga nan bai ƙara gaba ba. A dā gyaɗa da auduga da fatu na arewacin Zamfara a nan a ke tara su, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku. Jirgin ya daɗe da barin wannan zirga-zirga, amma garin bai fasa zama mahaɗa ba. Hanyar mota ta rabu biyu a wajen nan. Ɗaya ta nufi arewa zuwa Shinkafi, ɗaya ta bi ta Zurmi ta ɓulle Jibiya a ƙasar Katsina. A kan hanyoyin nan biyu akwai wani kaya da ba ya yankewa rani da damina, watau kaji da zabi.

Kajin nan mu ka bi a wannan tafiya. Tambaya ɗaya ce a bakinmu, kuma ta shafi kowane gida da a ke karanta wannan mujalla. Kazar da uwargida ta saya a kasuwa, wa ya auna ta? In kuma a ka ce a auna, kwana nawa za a jira kafin a sami amsa?

Ƙarshen dogo

Daga Gusau zuwa Ƙaura kimanin kilomita 60 ne. Garin yana bakin gulbin Gagare. Sunansa ya samo daga Namoda, jarumin Fulanin Alibawa wanda ya yi suna a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, a zamanin da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Sarkin garin kuwa Sarkin Kiyawa a ke ce da shi. Tun 1983 akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura, kuma tun ran 1 ga Oktoba 1996 garin yana cikin Jihar Zamfara, bayan an cire ta daga Jihar Sakkwato.

Inda ɗalibai da matafiya su ka yi yawa, nan masu abinci su ke. Da magariba za ka ga masu gasa kaji sun jera fitilu, masu shayi suna fasa ƙwai, mata suna sayar da shinkafa da miya. Yawancin kajin na gida ne, waɗanda su ka tashi suna tone-tone a ƙauye. Akwai kuma kajin gidan gona, farare masu nauyi, da a ke kawowa daga manyan garuruwa, musamman gab da Salla da Kirsimati.

Amma wurin da ya fi tsayar da mu shi ne bayan rumfar masu kaji, inda a ke yanka da figa. Rabin ganga ce a kan murhu, da ruwan zafi a ciki. A yanka kaza, a tsoma ta, a fige, a farke ciki a kan wani katako, a ɗauraye cikin bokiti, a miƙa wa mai ita. Sa'an nan a kamo ta gaba. Mu ka gai da dattijon da ke kula da wurin, mu ka ce, "Baba, sannu da aiki. Sau nawa a ke sake ruwan bokitin nan?" Ya ce sai ya yi kauri, gama ruwa saye a ke yi wurin 'yan garuwa, in ya sake shi kan kowace kaza, to, ladan figar ba zai biya kuɗin ruwa ba.

Maganarsa gaskiya ce, kuma mutumin ba ƙazami ba ne. Wuƙarsa a wanke ta ke, rigarsa fes. Sai dai abin da ke cikin bokitin nan ba abin da ido ke gani ba ne.

Abin da ido ba ya gani

A cikin hanjin kaza akwai ƙwayoyin cuta iri biyu da ke cikin waɗanda su ka fi damun mutane a duniya ta hanyar abinci. Na fari sunansa Salmonella. An gano shi a Amurka a 1885, a ka sa masa sunan wani likitan dabbobi, Daniel Salmon. Yana da dangi fiye da iri 2,500. Na biyu sunansa Campylobacter. Shi wannan ya daɗe yana ɓuya wa likitoci, domin ba ya son iska mai yawa, ba ya tsiro yadda sauran su ke tsiro a ɗakin awo. Sai a 1977 wani likita a Ingila, Martin Skirrow, ya nuna hanya mai sauƙi ta kama shi a bayan gidan majiyyaci. Zafin da ya fi so shi ne digiri 42, kusan daidai da zafin jikin kaza. Shi ya sa cikin kaza ya zama masa gida.

Abin lura shi ne, kaza ta kan ɗauki waɗannan ƙwayoyi tana cikin ƙoshin lafiya. Tana ci, tana sha, idonta garau, tukkunta ja wur. Mai saye ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya hura gashin ƙirjinta ya ga tsoka, ya biya kuɗi. Duk gwanintarsa ba za ta nuna masa abin da ke cikin hanji ba. Sa'ad da a ka farke ciki, hanji ya tsage, kashin ya taɓa nama da wuƙa da katako da ruwan bokiti. Kaza ɗaya mai ɗauke da cutar ta isa ta shafa wa duk waɗanda za su biyo bayanta.

Wanda ya ci Salmonella ya kan fara jin ciwon ciki da zawo da zazzaɓi tsakanin awa 6 da kwana 3. Campylobacter ya kan jima, kwana 2 zuwa 5, kuma sau da yawa zawonsa da jini. Kafin nan an manta da kazar, sai a ɗora laifin a kan ruwan rijiya, ko mangwaro, ko haƙoran da yaro ke fitarwa.

A nan ya kamata mu raba abubuwa uku da a kan haɗa. Annobar da ke share kaji da hunturu, wadda likitoci ke kira Newcastle, wata cuta ce dabam, kuma akwai allurar rigakafinta. Akwai kuma waɗansu dangin Salmonella guda biyu da ke kashe kaji da 'yan tsaki da farin zawo, amma da wuya su kama mutum. Zazzaɓin taifot kuwa, ko da ya ke shi ma ɗan gidan Salmonella ne, ba daga kaza ya ke fitowa ba. Daga mutum ya ke zuwa mutum, ta ruwa da abincin da bayan gida ya taɓa. Waɗanda mu ke magana a kansu su ne masu barin kaza lafiya su kwantar da mai cinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi a 2015. Ta ce kowace shekara mutum miliyan 600 su kan yi ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, a cikinsu 125,000 yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A Afirka kaɗai masu ciwon sun haura miliyan 91, masu mutuwa 137,000. Ba duka ne daga kaza ba, amma kaza da ƙwai suna cikin manyan hanyoyin.

Alhamis a Shinkafi

Hanyar Shinkafi ba a shigarta da ka. A shekarun nan 'yan bindiga sun addabi wannan yanki, direbobi ba su tashi sai rana ta fito sosai, kuma su kan tambayi na gaba labarin hanya tukuna. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, a ka kuma katse layukan waya na wani lokaci, domin a toshe wa ɓarayin daji hanyar samun kaya. Mutanen Shinkafi ba su manta da wannan lokaci ba, gama kasuwarsu ta Alhamis ita ce ran garin. Tun dā a ke zuwa cinta daga ƙasar Sakkwato da Katsina, har daga Jamhuriyar Nijar.

A bakin mutanen nan "kassuwa" ce, fura kuma "hura". A kusurwar masu kaji za ka ga tsohuwa ta rungumo zakara ɗaya, yaro ya rataye zabi biyu a kafaɗa, mai babur ya ɗaure keji a baya. Kaza ita ce asusun talaka, musamman mace. In yaro ya kwanta ciwo, ko gishiri ya ƙare, ita a ke kamawa. Inda a ka kore wa mutane shanu da tumaki, sau da yawa kaji ne kaɗai su ka rage a hannu.

Dillalai su kan saya ɗaya-ɗaya har keji ya cika. Kajin ƙauye goma su haɗu wuri guda, a ɗora keji bisa keji a bayan mota, kashin na sama yana zuba kan na ƙasa. Ga zafi, ga ƙishirwa, ga tsoro. Kazar da ta wahala haka ta kan ƙara fitar da ƙwayoyin cuta a kashinta. Wadda ta baro gida da tsabta, kafin ta isa Ƙaura ko Gusau ta shafa.

To, a ce wani ma'aikacin lafiya ya zo ran Alhamis da safe, ya ɗebi abin awo daga kejin nan. Ga yadda tsohuwar hanyar awo ta ke, wadda har yanzu ita ce ma'aunin da a ke gwada sauran da ita. A kan yanki giram 25 na fatar wuya ko nama, a sa cikin wani romo na musamman mililita 225, a ajiye cikin akwatin ɗumi mai digiri 37 kimanin awa 18, domin ƙwayoyin da su ka galabaita su farfaɗo. Kashegari a ɗiba a zuba cikin wani romo dabam wanda ke danne sauran ƙwayoyi ya bar Salmonella, a ƙara kwana. Rana ta uku a shafa a kan faranti mai abincin ƙwayoyi, a ƙara kwana, a ga ko za su tsiro. In sun tsiro, sai a shiga tabbatar da ko su ne. Kafin a ce babu, kwana 3 ne. Kafin a ce akwai, kwana 4 ko 5, wani lokaci har mako.

Kazar Alhamis kuwa an cinye ta ran Juma'a. Amsar da ta zo ran Talata ba ta tsare kowa ba, sai dai ta ba da labarin abin da ya riga ya faru. Wannan jinkiri shi ya sa masana su ka tashi neman awon gaggawa.

Awon gaggawa iri-iri

Mafi tsufa a cikinsu na kaji ne tun asali. A 1931 waɗansu masana a Amurka su ka fito da shi domin cutar farin zawo ta 'yan tsaki, wadda uwa ke ba ɗanta ta cikin ƙwai. A soki jijiyar fiffiken kaza, a ɗauki ɗigon jini, a gauraya da ɗigon wani ruwa mai launi a kan farin tangaran. In kazar tana ɗauke da cutar, cikin minti 2 za a ga abin ya guntse kamar nono ya tsinke. Ba ya bukatar lantarki. Da irin wannan awo ne ƙasashe da yawa su ka tsabtace gidajen ƙyanƙyasarsu. Amma cutar kaji ya ke nema, ba dukan masu kama mutum ba.

Na biyu ya yi kama da abin da iyaye mata su ka sani a asibiti, watau ɗan tsinken awon zazzaɓin cizon sauro. A ɗiga ruwa a gefe ɗaya, a jira minti 15 ko 20. Layi ɗaya babu, layi biyu akwai. An yi irinsa domin Salmonella da Campylobacter. Sai dai tsinken ba ya ganin ƙwayoyi in ba su yi yawa ƙwarai ba, saboda haka dole a fara kwantar da naman cikin romo dare ɗaya su hayayyafa. Duk da haka, kwana 5 ya koma kwana 1.

Na uku shi a ke kira PCR. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙago shi a 1983, a ka ba shi kyautar Nobel a 1993. Kowane mai rai yana da zanen halitta a cikin jikinsa wanda ya bambanta shi da saura, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum. Na'urar PCR ta kan nemi ɗan guntun zanen Salmonella, ta yi ta kwafarsa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya kai miliyoyi ya bayyana. Aikin na'urar awa 1 ne zuwa 2, in an haɗa da kwanan romo amsa ta fito kashegari. Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Na'urar GeneXpert da a ke auna majinar masu tarin fuka da ita a manyan asibitoci, wadda ke ba da amsa cikin awa 2, a kan wannan hikima ta ke aiki. A 2020 kuma, lokacin cutar korona, an ƙara ɗakunan PCR a jihohi da yawa.

Na huɗu sunansa LAMP, masanan Japan su ka bayyana shi a shekarar 2000. Shi ma zanen halitta ya ke nema, amma ba ya son na'ura mai hawa da sauka da zafi. Zafi ɗaya ya ke so, digiri 60 zuwa 65, kuma kafin awa guda ruwan cikin 'yar kwalbar ya sake launi, ido ya gani. Ɗan akwatin da batir ko hasken rana ke ɗumamawa ya isa. Ga garuruwa irin Shinkafi da Zurmi, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, hanya kuma ba kullum ta ke biyuwa ba, wannan ya fi kusa da hannu.

Kada mai karatu ya zaci an sami maganin kome. Awon gaggawa yana da iyakarsa. Magungunan awon suna da tsada, daga waje a ke kawo su, waɗansu kuma sai an ajiye su cikin sanyi. PCR ya kan ga zanen ƙwayar da ta riga ta mutu, ya ce akwai. Yawancin waɗannan awo ba su faɗa wa likita maganin da zai kashe ƙwayar ba, wannan sai an koma tsohuwar hanya an shuka ta a faranti. Wannan kuwa babban abu ne, gama masu kiwo da yawa su kan fasa kafso mai ja da rawaya su zuba wa kaji a ruwa ba da shawarar likita ba. Ƙwayoyin da su ka saba da magani a cikin kaza, in su ka shiga cikin yaro, maganin ba zai ji su ba.

Har wa yau, babu ƙasar da ke auna kowace kaza. Abin da a ke aunawa shi ne wuri da garke. A Turai ma'aikaci ya kan sa safa a kan takalminsa, ya zaga ɗakin kaji, ya cire safar ya aika ɗakin awo. Ƙasar Suwidin ta fara tsananta wannan tsaro bayan 1953, sa'ad da nama daga mayanka ɗaya a garin Alvesta ya kwantar da mutum wajen 9,000, 90 su ka mutu. Ingila kuma ta shiga yi wa kaji masu ƙwai rigakafin Salmonella a 1998, masu kamuwa su ka ragu ƙwarai. Awo ya nuna inda cutar ta ke, gyara ya biyo baya.

Zurmi, inda abin ya fi nauyi

Zurmi tsohon gari ne na Alibawa, sarkinsa Sarkin Zamfara a ke ce da shi. Ƙasarsa ta yi iyaka da Katsina da Nijar, ga daji mai faɗi wanda a dā makiyaya ke ji da shi. A nan zabi sun fi yawa. Da damina ta sauka ƙwan zabi ya kan cika tasha, yara suna talla a faranti, dafaffe da ɗan yaji a ƙulle.

Mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gonakinsu sun taru cikin gari saboda rashin kwanciyar hankali. Gidan da a dā iyali ɗaya ke ciki, yanzu uku ne. Kowa ya zo da 'yan kajinsa. Mun shiga wani gida mu ka tarar da jariri yana rarrafe a tsakar gida, kaji suna kewaye da shi, ga kaskon ruwansu a gindin randa. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Likitoci sun ƙara mana da cewa ƙadangare da ɓera su ma su kan ɗauki Salmonella, su bar shi a kaskon. Yaron da ke rarrafe bai ci nama ba, amma hannun da ya dafa ƙasa shi ya ke kaiwa baki.

A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, tare da ma'aikatan lafiya na jihar, su ka auna yara fiye da 97,000 a yankunan Shinkafi da Zurmi. Sama da ɗaya cikin huɗu a ka samu da tamowa. Ga babba mai ƙarfi, zawon Salmonella kwana kaɗan ne ya wuce. Ga yaro mai tamowa, ko mai fama da zazzaɓin cizon sauro, ko mai amosanin jini, ƙwayar ta kan ƙetare hanji ta shiga jini, kuma wannan yana kisa. Zawo yana jawo tamowa, tamowa tana buɗe wa zawo ƙofa. Ƙwai da naman kaza su ne abincin da zai tashi irin wannan yaro. Saboda haka ba mu ce a raba shi da su ba. Cewa mu ka yi su iso gare shi da tsabta.

Ina za a kai awo?

Masu sanin wannan aiki muna da su. Akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924. Akwai sashen koyon likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Akwai hukumar NAFDAC, da a ka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna. Amma daga Zurmi zuwa kowanne cikinsu tafiya ce mai nisa, abin awo kuwa dole ya tafi cikin ƙanƙara, Campylobacter ma ya kan mutu a hanya in an yi jinkiri, awo ya ce babu alhali akwai.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da nisa ke jawowa. A watan Janairu na 2006 kaji su ka fara mutuwa a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna. Sai a Fabrairu a ka sami tabbaci daga ɗakin awo na Padova a Italiya cewa murar tsuntsaye ce. Kafin nan ta riga ta bazu.

A ganinmu Ƙaura Namoda ita ce wurin da ya dace a kafa ƙaramin ɗakin awon gaggawa, gama nan hanyoyin biyu su ka haɗu, ga kuma kwalejin kimiyya da matasa masu neman aikin hannu. Ba sai an auna kowace kaza ba. A riƙa ɗiban ruwan bokitin masu figa, da shafar katakon yanka, da kashin kejin dillalai, ko sau ɗaya a wata. In amsa ta fito kashegari, sarkin kasuwa da shugaban masu kaji za su ga da idonsu wace rumfa ce ke bukatar gyara, kuma bayan gyaran a sake aunawa a ga ko ya yi amfani. Dattijon nan na bayan rumfa ba gardama ya ke yi ba. A ba shi famfo kusa da tebur mai sumunti, zai sake ruwa.

Abin da ke hannun uwargida

Kafin wannan rana ta zo, akwai awon da kowane gida ke da shi, watau wuta. Salmonella da Campylobacter ba su jure dahuwa. In tsakiyar nama ya kai digiri 74, sun mutu. Ba mu da ma'aunin zafi a madafa, amma muna da wuƙa. A tsaga cinya har ƙashi. In akwai ja, ko ruwan da ke fita bai yi fari ba, a mai da ita wuta. Gasasshiyar kazar bakin hanya ma haka, gama wuta mai ƙarfi ta kan ƙone baya ta bar ciki ɗanye. Ƙwai kuma a dafa shi har gwaiduwa ta daskare, kada a ba yaro ɗanye da sunan ƙarin jini.

Haɗarin da ya fi yawa ba cikin tukunya ya ke ba, a gefenta ya ke. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta taɓa tumatir da albasa da latas da za a ci ɗanye, sai an wanke ta da sabulu. A gyara kaza nesa da randa da kwanonin ci, a zubar da ruwan inda yara ba su wasa, a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki jariri. Kaji su kwana a akurki, ba a ɗaki ɗaya da yara ba. A share kashinsu kowace safiya, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma.

Sai kuma abincin taro, na biki ko suna ko Kirsimati, da a kan dafa tun asuba a ci da la'asar. A zafin bazara Salmonella ya kan ninka kansa cikin rabin awa, ko ƙasa da haka. Ƙwaya ɗaya da ta faɗa cikin shinkafa da ƙarfe 9 na safe, kafin ƙarfe 2 ta haura 1,000. Abincin da ya jima a ajiye, a mai da shi wuta ya yi zafi har ciki kafin a raba.

In zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. In babu na ƙunshi, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. A ci gaba da ba shi mama da abinci, a nemi ƙwayar zinki a asibiti ya sha kwana 10 zuwa 14. In akwai jini a zawon, ko zazzaɓi mai zafi, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi sha, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya sayen kafso a shago.

Masu kiwo kuma, in kun ba kaza magani, ku duba kwanakin da a ka rubuta a jikin takardar, kada ku sayar da ita ko ƙwanta sai sun cika. Ku tuna yaron wani ne zai ci.

Mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suna kiwo da ciniki cikin hali mai wuya, kuma kajinsu suna ciyar da garuruwa masu nisa. Sun cancanci a kawo musu awo kusa. Ku da ke karatu, ku ɗauki wannan magana ku kai wa maƙwabta da masu figa na unguwarku. Allah ya ba ƙasar Zamfara zaman lafiya, ya tsare mana 'ya'yanmu.